BINCIKEN ASALI KO JAHILIYYA CIKIN RAWANI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Ya 'yan uwana matasa, duk wanda ya karanta halin 'yan Dalit na Indiya sai ransa ya ɓaci: mutanen da aka ce taɓa su ƙazanta ne, aka hana su rijiyar gari. Tsarin mulkin ƙasar na 1950, wanda Dakta Ambedkar, shi kansa ɗan Dalit, ya jagoranci tsarawa, ya haramta wannan ƙyama. Mu kuma sai mu ce Allah Ya raba mu da wannan. To, laifi tudu ne.

Ban ce halinmu ɗaya da nasu ba. A karkararmu, daga Ungogo zuwa Dambatta, rijiyarmu ɗaya, sahunmu ɗaya a masallaci. Amma bari ɗan mahauci, ko ɗan wanzami, ko wanda aka ce kakansa bawa ne, ya aiko neman aure gidan masu "asali". Ko da mahaddaci ne, sai ka ji dattawa sun ce, "Mun bincika, ba sa'anmu ba ne."

Wannan tabo yana da tarihi. A ƙarni na 19 bayi ne ke noma gandayen sarki da na manya a Fanisau, kamar yadda Muhammad Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011. Doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Igiya ta bar wuya, ba ta bar harshenmu ba.

Ina tambayar iyayenmu cikin ladabi: daga wane littafi? Ba daga mazhabarmu ba dai. A wurin Imam Malik, addini ne ma'aunin dacewar ma'aurata, ban da nasaba ko sana'a. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta rataya ɗaukaka ga taƙawa kaɗai. Manzon Allah (SAW) ya aurar da Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu bin Harisa, 'yantaccen bawa. Ya umarci Banu Bayala su yi auratayya da Abu Hind, alhali mai yin ƙaho ne, wato wanzami, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Shin mun fi Ƙuraishawa da Ansar asali ne?

Za a ce bincike wajibi ne. Na yarda. A binciki sallarsa, halinsa, lafiyarsa da halaccin nemansa. Amma ka ci naman mahauci, ka kai jaririnka wurin wanzami, sannan ka ƙyamaci jininsu? Sunan wannan girman kai, hujjar da Iblis ya fara kafawa.

Ku matasa, gobe ku ne waliyyai. Duk wanda ya kori saurayi mai addini saboda kakansa, ya tanadi amsar da zai bai wa Allah.

Allah Ya tsarkake zukatanmu. Wassalamu alaikum.