Jan ƙwan nan yana cin wutar unguwa: mu sauya shi



A wannan makon Ƙungiyar 'Yan Jarida ta zaɓi ta yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke rataye a ɗakunanmu, wato ƙwan lantarki. Ra'ayinmu shi ne: jan ƙwan nan na da, mai zafi, ya kamata ya bar gidajenmu, farin ƙwai mai tsimin wuta ya maye gurbinsa. Muna nufin mai murɗaɗɗen jiki ɗin nan da masu shago ke kira "enaji", littafin kimiyya kuma yana kiransa CFL. Mun san akwai iyayen da ba su yarda ba, kuma suna da hujjojinsu. Za mu kawo su ɗaya bayan ɗaya mu amsa cikin ladabi.

Bambancin ƙwayayen biyu

A cikin jan ƙwai akwai wata siririyar waya. Idan wuta ta bi ta cikinta sai ta yi zafi sosai har ta yi haske. Haka yake aiki tun zamanin Thomas Edison na Amurka, wanda ya fito da nasa a 1879. Matsalar ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, ɗan abin da ya rage ne kawai haske. Masu kiwon kaji sun san haka, shi ya sa suke rataya wa 'yan tsaki jan ƙwai lokacin hunturu don su ji ɗumi. To mu ba 'yan tsaki ba ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Daura ke kaiwa digiri 40, me ya kai mu kunna murhu a saman kanmu, sannan mu kunna fanka ta kore zafinsa?

Shi farin ƙwai ba ya dogara da waya mai zafi. A cikin bututunsa akwai iska da ɗan tururin zaiba, wato makyuri. Wuta na shiga sai tururin ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin kuma ta mai da shi hasken da muke gani. Wani injiniya mai suna Edward Hammer ne ya ƙirƙiro mai murɗaɗɗen jikin a kamfanin General Electric a 1976. Farin ƙwai mai wat 15 yana ba da haske kusan daidai da jan ƙwai mai wat 60. Ke nan haske ɗaya, amma cin wuta kashi ɗaya cikin huɗu.

Mu yi lissafi

Mu ɗauki gida mai ƙwai shida: ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, uku a ɗakuna, ɗaya a madafa. Idan duka jajaye ne masu wat 60, wat 360 ke nan. Idan farare ne masu wat 15, wat 90. Bambanci wat 270. Wannan rarar kaɗai za ta juya fankar sama guda uku.

A ce ana kunna su awa biyar kullum. Jajayen za su ci yunit 54 a kwana 30, fararen kuma yunit 13 da rabi. Duk wanda gidansu ke da mita mai kati, ya tambayi Baba nawa ake sayen yunit 40, zai ga kuɗin da ke ƙonewa a banza duk wata. Wannan lissafin aji ɗaya ne, kowa na iya sake yin sa da ƙwayayen gidansu.

"Ai ya fi tsada"

Gaskiya ne, a shago farin ƙwai ya fi ja tsada. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jan ƙwai yakan yi kamar awa 1,000 yana aiki kafin ya mutu. Farin ƙwai mai kyau yakan yi awa 6,000 zuwa 10,000. Kafin fari ɗaya ya mutu an sayi ja shida ko fiye, ban da kuɗin wutar da suka ci. Mai sayen ja sau biyu yake biya: ya biya mai shago, ya biya kamfanin wuta.

Gidan da ke tayar da ƙaramin janareta ya fi kowa jin abin a jikinsa. Irin wannan injin ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Idan jajayen ƙwayaye suka kwashe wat 360, me ya rage wa fanka da talabijin da cajin waya? Haka ma masu sola: batirin da zai kai asuba da farin ƙwai, tsakar dare zai mutu da ja.

"Mu ba mu da mita, kuɗinmu ɗaya ne"

Wannan ita ce hujjar da muka fi ji, kuma ita ce ta fi damunmu. Gidaje da yawa ba su da mita, takardar kuɗin wuta kawai ake kawo musu a ƙarshen wata. Sai mutum ya ce ko ya kashe ko ya bari a kunne, abin da zai biya ɗaya ne. Shi ya sa za ka wuce ta wani lungu da tsakar rana ka ga ƙwan ƙofar gida yana ci, rana na dukansa.

Amma wutar ba ta gida ɗaya ba ce. Unguwa guda taransifoma ɗaya take sha, kuma taransifoma tana da iyakar kayan da za ta iya ɗauka. Bayan magariba kowa ya kunna nasa, sai nauyi ya yi mata yawa. Nan ne wuta ke rage ƙarfi, fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, firji ya kasa yin sanyi. Wani lokaci fis ya tsinke, wani lokaci taransifomar ta ƙone gaba ɗaya, unguwa ta zauna a duhu ana jiran gyara ko ana haɗa kuɗi gida-gida.

Wa ke shan wahala a lokacin? Inna mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, wadda da ribar take saya mana littafi. Tela da mai walda da mai cajin waya. Da kuma mu ɗalibai, musamman yayyenmu 'yan aji uku da ke shirin jarrabawa, waɗanda za su koma karatu da tocilar waya. Ashe marar mita ma yana biya, sai dai ba da kuɗi ba, da duhu yake biya.

Mu koma ga lissafinmu. Idan gida 100 a kan taransifoma ɗaya kowanne ya rage wat 270, an sauke mata wat 27,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Wata ƙasa ta gwada

A 2007 ruwan madatsar Akosombo ta ƙasar Ghana ya ja baya, wuta ta yi ƙaranci ƙwarai. Gwamnatinsu ta raba fararen ƙwayaye miliyan 6 kyauta, tana karɓe jajayen. Buƙatar wuta a lokacin da aka fi amfani da ita ta ragu da megawat 124. Don mu gane girman wannan: madatsar Kainji tamu, wadda aka kammala a 1968, an gina ta ne da ƙarfin megawat 760. Ke nan da sauya ƙwai kawai Ghana ta samu kusan kashi ɗaya cikin shida na Kainji, ba tare da ta haƙa ko rami ɗaya ba. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun janye jan ƙwai daga kasuwanninsu a hankali tsakanin 2009 da 2012.

Wutar da ke zuwa Daura daga nesa take tahowa, ta dogayen wayoyi, kafin kamfanin KEDCO ya raba ta. Kamfanin nan jihohi uku yake rabawa: Kano da Katsina da Jigawa. Abin da ya iso gare mu kaɗan ne, wasu ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa ma ba su gan ta ba tukuna. Dukanmu mun san labarin rijiyar Kusugu, lokacin da aka ce macijin ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Muna tsammanin matar da ta samu tulu ɗaya a mako za ta bar shi yana zuba a ƙasa? To wutarmu ma ba kullum take zuwa ba. A Islamiyya kuma an koya mana cewa almubazzaranci ba halin kirki ba ne, ko da abin yana da yawa, balle yana da kaɗan.

"Na saya, bai yi wata ba ya mutu"

Wannan ma yana faruwa, kuma dalili biyu ne. Na farko jabu. Akwai ƙwan da aka rubuta masa wat mai yawa a kwali amma haskensa bai kai na kyandir biyu ba. Hukumar SON ce ke da alhakin kula da ingancin kaya a Nijeriya, amma mai saye ma sai ya buɗe ido. Idan an aike mu, mu sa mai shago ya gwada a gabanmu, mu duba kwalin, kuma mu guji wanda arharsa ta yi yawa. Na biyu, farin ƙwai ba ya son a riƙa kunna shi ana kashewa a kai a kai, kuma wuta mai hawa da sauka tana rage masa kwana. Idan wuta ta zo ba ƙarfi har ya fara ƙyaftawa, a kashe shi ya fi.

Hattara da zaibar ciki

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Zaibar da ke cikin farin ƙwai 'yar kaɗan ce, miligiram kaɗan, kuma matuƙar gilashin bai fashe ba, ba ta fita. Amma guba ce mai cutar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na yara. A garin Minamata na Japan ta nakasa mutane da yawa bayan wata masana'anta ta zuba ta a teku, aka gano cutar a 1956. Da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya a kan zaiba a 2013.

Saboda haka mataccen ƙwai ba abin wasa ba ne. Kada ƙannenmu su jefe shi da dutse don su ji ƙarar fashewa, kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta. Idan ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga, a fita kamar minti 15. Sannan babba ya kwashe gilashin da kwali, ba da hannu ba, ya goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ya zuba duka a kwalba mai murfi ya rufe. Rigakafi ya fi magani.

Saboda wannan zaibar ce ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar suka amince a 2022 cewa a daina ƙera irin wannan ƙwai na gida daga ƙarshen 2025. Magajinsa ya riga ya cika kasuwa, wato LED. Mai wat 9 yana ba da hasken jan ƙwai mai wat 60, ya fi daɗewa, kuma babu zaiba a cikinsa. Shawararmu ita ce: wanda ke da mai murɗaɗɗen jiki ya ci gaba da amfani da shi har ya mutu, sannan ya zubar da shi yadda ya dace. Wanda zai sayi sabo ya nemi LED mai kyau. Wanda ba mu yarda ya kwana a gidajenmu ba shi ne ja.

Roƙonmu

'Yan'uwa ɗalibai, yau idan mun koma gida mu ƙirga ƙwayayen gidanmu, mu rubuta wat ɗin kowanne, mu yi lissafin nan a takarda. Sai mu kai wa Baba ko Inna cikin ladabi, lokacin da suka huta. Ba sai an sauya duka rana ɗaya ba. A fara da wanda ya fi daɗewa a kunne, kamar na zaure da na tsakar gida. Mu ɗauki aikin kashe ƙwan waje da safe kafin mu taho makaranta, wannan ba ya buƙatar ko kwabo.

Malamanmu na kimiyya, muna roƙon a kawo ƙwayayen uku aji a kunna mana su, mu kusantar da hannu mu ji bambancin zafinsu da kanmu. Hukumar makaranta kuma muna roƙon a ajiye wani kwali mai murfi inda za a riƙa tara matattun ƙwayaye, nesa da hannun yara.

Duk wanda ya yi lissafin gidansu ya kawo wa ƙungiya ranar Litinin. Za mu haɗa jimillar, ba tare da sunan kowa ba, mu liƙa a nan kowa ya ga wat nawa ɗaliban makaranta ɗaya za su iya sauke wa taransifomomin Daura.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wakilin aji biyu, a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida.