A bar wa yaro wajen taga

'Yan uwa iyaye, daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, wuni guda a mota. Da yaro ya fara ƙorafi sai mu miƙa mashi salula, ya duƙufa kan TikTok har Doso. Ni dai ban yarda da wannan dabarar ba.

Ku bar mashi wajen taga. A Galmi ya ga gonakin albasa da rudun da ake aje ta, a Malbaza ga kamfanin siminti. In an iso Ƙonni, ku faɗa mashi kisan gillar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa garin a 1899, da yadda Sarauniya Mangu ta ja daga da su a Lugu, ƙasar Dogon Dutsi, tun kafin su ƙaraso nan. Wallahi yaro ɗan shekara goma zai yi ta tambaya har ka gaji, kuma hakan muke so.

In barci ya ƙi zuwa, a yi kacici-kacici. Wajen Kure kuwa, in an yi sa'a, ya ƙirga raƙuman dawa, waɗanda a 1996 kusan 50 kaɗai suka rage.