Ba a ƙoƙon kai kaɗai ake tunani ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu ilimin zamani, har ba a ma tsayawa kare ta: wai tunani aiki ne na ƙwaƙwalwa ita kaɗai, duk abin da ya wuce ƙashin kai kuwa kayan aiki ne kawai. Ni a ganina wannan kuskure ne, kuma kuskuren da ke cutar da mutane. A ba mutum takarda da biro a ce ya ninka 347 sau 86. Zai fara da shida ya sami 2082, ya rubuta, ya saki lambar daga ransa gaba ɗaya, ya koma kan tamanin ya sami 27760, sannan ya haɗa. Mai cewa an yi lissafin nan a cikin kai sai ya faɗa mana inda 2082 ta zauna lokacin da ake aikin layi na biyu. A takarda ta zauna, kuma da ba ta zauna can ba da aikin ya tsaya. Shi kansa tsarin jera lambobi da ya sauƙaƙa wannan aiki daga Indiya ya taso, Al-Khawarizmi ya yi masa littafi a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta canza ba a lokacin, amma lissafin da take iya yi ya canza.

A 1998 ne masana falsafa biyu, Andy Clark da David Chalmers, suka fito da wannan hujja fili a mujallar Analysis. Sun ƙago misalin mutum biyu masu son zuwa wani gidan adana zane-zane a New York. Inga ta tuno da adireshin a ranta ta kama hanya. Otto, wanda cutar mantuwa ta Alzheimer ta kama, ya buɗe ɗan littafin da ba ya rabuwa da shi, ya ga adireshin, shi ma ya kama hanya. Kowa ya yarda Inga ta san wurin tun kafin ta tuno, alhali maganar ba ta cikin ranta a lokacin. To mene ne ya hana a ce Otto ma ya sani? Bayanin nasa ne, ya amince da shi, yana samunsa duk lokacin da ya nema. Bambancin kawai shi ne inda aka ajiye, kuma har yau ban ga wanda ya nuna dalilin da zai sa fata da ƙashi su zama iyakar sani ba. Gwaji ma ya goyi bayan Clark da Chalmers. A 1994 David Kirsh da Paul Maglio sun bi diddigin masu buga wasan kwamfuta na Tetris, suka ga suna juya siffofin a kan allo don su gano inda za su shiga, tun kafin su yanke shawara. Juyawa a zuci na cin kusan daƙiƙa guda, juyawa da yatsa ba ta kai rabin haka ba. Yatsan yana cikin aikin ganowar.

Suka mafi ƙarfi ta zo daga Fred Adams da Ken Aizawa, waɗanda suka ce dogaro da abu daban, zamansa sashen hankali daban. Ƙwaƙwalwa na dogara da iska da abinci, amma ba wanda ya ce tuwo na tunani. Maganar tana da nauyi, sai dai ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Abinci na ciyar da gaɓa, ba ya riƙe wani bayani. Takardar lissafi kuwa tana riƙe da wani mataki na lissafin kansa, kamar yadda carbi ke riƙe wa mai tasbihi ƙidayar da in babu shi sai zuciya ta riƙe. Wasu kuma su ce ai littafi na ɓacewa, ana iya yi masa cushe. Haka ma ƙwaƙwalwa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, suka ga sauya kalma ɗaya a tambaya ta sa wasu sun tuno da fasasshen gilashin da babu shi a hoton. In rashin tabbas na fitar da abu daga hankali, to tunawarmu ta cikin kai ce farkon fita. Ga wanda ke tsoron maganar ta taɓa ruhi kuwa, ba can aka nufa ba. Ba wanda ya ce littafin Otto na jin zafi ko yana da niyya. Clark da Chalmers kansu ba su ce farkawar zuciya ta fita waje ba. Ana magana ne kan tunawa, lissafi da tsara shawara.

Abin da ya sa na damu shi ne abin da ra'ayin cewa tunani a kai kaɗai yake ke halatta mana. In littafin Otto kaya ne kawai, wanda ya yaga shi ya yi ɓarnar 'yan kuɗi kaɗan ke nan, alhali ya raba mutum da sanin inda gidansa yake. Masu jinyar tsofaffi da ke kwashe takardu da alamomin da tsoho ya liƙa a ɗakinsa da sunan gyara, suna rushe masa sauran tunawar da ya gina da hannunsa, sannan a ce ciwo ya ƙaru. Makarantu na raba ɗalibi da duk abin da zai yi aiki da shi a rayuwa, su auna ragowar, su kira ta basira. Kotun Ƙolin Amurka ta hango wani ɓangare na wannan a 2014, a shari'ar Riley da jihar Kalifoniya, inda alƙalanta tara baki ɗaya suka hana 'yan sanda bincika wayar wanda suka kama ba tare da izinin kotu ba, saboda wayar na ɗauke da sirrin rayuwarsa. Daidai ne, amma bai isa ba. Littafin Otto yana aljihunsa, shi kaɗai ke rubutu a ciki. Wayar da yawancinmu muka miƙa wa lambobi, alƙawura da hanyoyinmu tana hannun kamfanonin da ke iya sauya abin da take nuna mana ba tare da sun tambaye mu ba, kuma doka na kallon hakan a matsayin ciniki tsakanin kamfani da mai saye.