Faɗin Dogo a Agege da Alkawarin da Linux ta Yi wa Manhajoji

Duk wanda ya san tarihin zaman Hausawa a Agege ya san cewa fataucin goro da jirgin ƙasa na cikin abubuwan da suka zaunar da kakanninmu a can. Dogon da Turawa suka shimfiɗa, wanda ya haɗa Ikko da Kano a 1912, faɗinsa milimita 1,067 ne. Da aka zo kawo jirgin zamani na Ikko zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 2021 kuma yake da tasha a Agege, sai aka tarar faɗin da yake bukata milimita 1,435 ne. Bambancin bai kai kamu ɗaya ba, amma dole aka shimfiɗa sabon layi, domin awon da aka yanke tun farko bai bar wurin ƙari ba. Na kawo wannan ne, ya 'yan'uwana ɗaliban harshe, saboda irin wannan matsala tana kwance cikin wayar da ke aljihunku, kuma a nawa ganin ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Kowace wayar Android, da yawancin na'urorin cire kuɗi da ake gani a ƙarƙashin laima a bakin titin Agege, suna tafiya ne a kan Linux. Ita Linux ƙwayar tsarin aiki ce, wato ɓangaren da ke riƙe da ragamar na'ura yana raba wa manhajoji lokaci da wurin ajiya. Manhaja ba ta taɓa komai da kanta, sai ta roƙi ƙwayar ta wasu ƙofofi da aka tanada. Ka'idar da Linus Torvalds ya kafe a kanta kuwa ita ce, idan aka buɗe ƙofa har manhajoji suka saba bi ta cikinta, to ba a toshe ta, ba a kuma sauya mata fasali. Ke nan kowace ƙofa alkawari ce ta shekaru masu yawa.

Mafi wuyar waɗannan ƙofofi su ne na daidaita aiki. Manhaja ɗaya takan yi ayyuka da dama a lokaci guda, kuma idan biyu daga ciki suka taɓa lissafi ɗaya tare, misali ɗaya yana cire kuɗi ɗaya yana ƙarawa, sai lissafin ya rikice. Masu jirgin ƙasa na da can sun san maganin wannan: a layi guda, direban da ke riƙe da sandar izini shi kaɗai ke shiga, saura su jira. A 2002 Rusty Russell da Hubertus Franke da Matthew Kirkwood suka gabatar da irin wannan sanda ga Linux, ana kiranta futex. Dabararta ita ce lamba ɗaya mai bit 32 da ke zaune a wurin ajiyar manhajar kanta. Idan babu mai takara, manhaja ta ɗauki sandar ta wuce ba tare da ta dami ƙwayar ba; sai an yi karo ne ake kiran ƙwayar ta kwantar da ɗaya ta tashe shi daga baya. Aiki ne mai kyau, har yau a kansa ake tafiya.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mai jiran sanda yakan faɗi iyakar lokacin da zai iya jira, kuma a na'urori masu bit 32 an auna lokacin ne da lambar da ba ta wuce daƙiƙa 2,147,483,647 daga ranar 1 ga Janairu 1970. Wannan ƙidaya za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya. Ba a iya faɗaɗa tsohuwar ƙofar ba, saboda alkawarin da aka ɗauka, don haka a 2019, cikin Linux 5.1, aka buɗe sababbin ƙofofi masu bit 64 kusa da tsofaffin. Sabon dogo ke nan. Haka kuma da aka bukaci manhaja ta jira sanduna da yawa lokaci guda, musamman don wasannin Windows su yi aiki a Linux, sai da aka sake buɗe wata ƙofar, futex_waitv, a Linux 5.16 cikin 2022.

Wani zai ce ai mutanen 2002 ba su san gaibu ba. Gaskiya ne. Sai dai ko a 2018, da Mathieu Desnoyers ya shigar da rseq cikin Linux 4.18, an sake cin karo da irin wannan. Ita rseq wani ɗan allo ne da ƙwayar ke rubuta wa manhaja bayani a kai, kamar a wane sashen injin take gudana a yanzu. An yanke girman allon bayit 32, ba ƙari ba ragi. Da aka so ƙara bayani, sai da aka ƙirƙiro hanyar da ƙwayar za ta riƙa sanar da manhaja tun farkon tashinta girman abin da ta iya cikawa, kuma wannan bai shigo ba sai a Linux 6.3 cikin 2023.

Hanyar da ni nake goyon baya ita ce wadda aka bi a clone3 ta 2019 da openat2 ta 2020. Manhaja takan miƙa takardarta tare da faɗin tsawonta. Idan takardar tsohuwa ce, gajera, ƙwayar ta ɗauki guraben da babu a matsayin sifiri, aiki ya ci gaba kamar da. Idan kuwa manhajar ce sabuwa, ƙwayar tsohuwa, sai ƙwayar ta duba rarar: in duk sifiri ne ta karɓa, in akwai abin da ba ta gane ba ta ƙi, ta kuma faɗa wa manhajar cewa ta ƙi. Wannan ƙin shi ya fi burge ni. Tsohuwar ƙofar buɗe fayil takan yi shiru ta kau da kai daga duk umarnin da ba ta sani ba, sai manhaja ta zaci an yi mata abin da ta roƙa alhali ba a yi ba. Kowa ya san ɗan aiken da ke cewa "to" bai ji saƙo ba.

Na san akwai masu ganin cewa barin gurabe don gobe ɓarnar wuri ce, kuma sau da yawa guraben da aka bari ba su ne ake bukata ba in goben ta zo. Suna da hujja. Amma faɗin tsawo ba hasashen gobe ba ne, lamba ɗaya ce kawai da ke ba na baya damar yin ƙari. Kuma a tambayi wa ke biyan kuɗin rashin ta. Wanda ke sauya waya duk shekara ba ruwansa. Mai sayen ta hannu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda ba ta da nisa da Agege, shi ke yawo da tsohuwar ƙwaya yana ɗora mata sababbin manhajoji, kuma shi ne wanda ko dai a gaya masa gaskiya cewa abu ba zai yi ba, ko a bar shi cikin duhu.

Mu masu nazarin Hausa mun ɗanɗani wannan a jikinmu. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kacal ya tanada, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shi ya sa aka daɗe ana buga Hausa da zanen haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, inda akan ari gurbin wata alama a zauna a ciki. Sun yi mana rana ƙwarai, sai dai idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da su, sai haruffan masu lanƙwasa su koma wasu alamomi dabam. Abin da ya fitar da mu shi ne Unicode da kuma UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Ku duba dabararsa: bayit na farko na kowane harafi yana faɗin bayit nawa harafin zai ci. Harafin k ɗaya yake ci, ƙ biyu, kuma duk tsohon rubutun ASCII yana nan yana karantuwa yadda yake. Ita ce dai dabarar faɗin tsawo, shekara 27 kafin clone3.

Duk da haka har gobe akwai fom na kwamfuta da za ka rubuta Ɗanjuma ya karɓa ba musu, sai takarda ta fito ka ga alamar tambaya a wurin harafin farko. Da ya ƙi tun a lokacin, da mai sunan ya san abin yi kafin a buga. Kuma cikinmu ne za a samu waɗanda za a kira gobe su fassara manhajoji, su tsara ƙamus na intanet, su tattara rubutun ajami mai alamomin da tsofaffin na'urori ba su sani ba. Tambaya biyu nake so mu riƙa yi wa injiniyan da za a haɗa mu aiki da shi: in an zo da harafin da tsarinka bai sani ba, akwai wurin da zai shiga? In kuma babu, zai faɗa mana ko zai yi shiru?