Ɗinkin Gida Ba Abin Kunya Ba Ne

Ina so in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida a nan Damba, har da na 'yan'uwanmu da ke zuwa makaranta daga Tsafe da Bunguɗu, wato maganar kayan Sallah da ankon biki. Ra'ayina shi ne ya kamata kowace yarinya da ke makarantar sakandare ta koyi ɗinka tufarta da hannunta, kuma iyaye su taimaka mata ta koya. Zan kawo dalilaina, sa'an nan in duba abin da masu suka suke faɗa.

Kowa ya san yadda abin yake. Da azumi ya kama, sai ka ga 'yammata sun duƙufa a kan waya suna kallon hotunan riguna a Instagram da TikTok, ko kuwa irin waɗanda 'yan fim ke sawa. A 'yan shekarun nan rigar da ta fi ɗaukar hankali ita ce doguwar riga mai baje ƙasa, wadda ake yi da yadin nan mai raga-raga kamar gidan sauro, wanda 'yan kasuwa ke kira net. Yarinya za ta kai wa mahaifinta hoto ta ce irin wannan take so. Shi kuwa ga kuɗin makaranta, ga cefane, ga kuɗin magani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar da muke tunawa duka, wato 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar, kusan duk yadin da ke shigowa daga waje ya yi tsada, kuɗin motar ɗauko shi daga Kantin Kwari a Kano ma ya ƙaru. Ga kuma halin rashin tsaro da ya hana mutane da yawa noma a ƙauyukanmu, har wasu gidaje suna ɗauke da baƙin da suka baro garuruwansu. A irin wannan hali, riga ɗaya takan jawo bashi, ko rigima tsakanin uwa da uba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yarinyar da za ta je ta roƙi saurayi kuɗin anko don kada ƙawayenta su yi mata dariya. Wanda ya saya miki riga yau, gobe yana jin yana da magana a kanki.

To, mene ne wannan net ɗin da har za a ci bashi dominsa? Turawa suna kiransa da sunan wani gari ne a Faransa mai suna Tulle, inda aka shahara da saƙar leshi da hannu. A da can sai matan sarakuna da attajirai ke iya sayensa. A shekarar 1809 wani Bature a Ingila mai suna John Heathcoat ya sami takardar mallakar wata na'ura da ke saƙa shi, daga nan ya fara araha. Yau galibinsa da zaren roba ake yi, kuma yana cikin yaduka masu sauƙin kuɗi a kasuwa. Haka nan salon rigar mai matsattsen ƙugu da faffaɗan ƙasa ya daɗe a duniya. Wani maɗinki a birnin Paris mai suna Christian Dior ya shahara da shi tun 1947. Ashe ke nan abin da ke sa rigar kanti tsada shi ne sunan mai ita, da kuɗin jirgi, da ribar hannu uku ko huɗu da ta bi kafin ta iso mu. Yadin kansa da zaren ba su kai rabin labarin ba.

Bari in nuna yadda lissafin yake, don kada a ce magana ce kawai. A ce ƙugun yarinya inci 28 ne. Don ƙasan rigar ya baje sosai, ana yanka net mai tsawon ninki uku na ƙugun, wato inci 84, ko yadi 2 da inci 12. In ana son hawa biyu, sai a nemi kusan yadi 5. Wadda kuɗinta bai kai ba tana iya yin hawa ɗaya, ko ta sa net a hannuwa da bakin riga kaɗai, yadi 1 ya isa. Saman rigar kuwa ana iya fitar da shi daga ragowar atamfa ko shadda. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma da wuya a ɗinka riga da zane a cinye shi duka; sau da yawa ragowar a shagon tela take zama. Sai shafi, kamar yadi 3, da zare, da zip. Wadda ta ɗinka da kanta ta tsira da kuɗin ɗinki, wanda a lokacin Sallah yakan yi kusa da kuɗin yadin.

Aikin kansa ma bai kai yadda ake tsoronsa ba. Da farko a auna jiki da tef, a zana samfuri a kan tsohuwar jarida, a gwada da tsohon zane kafin a sa wa sabon yadi almakashi. Net ba ya warwarewa in an yanka shi, saboda haka ba ya bukatar kalmasa. Wajen tattara, sai a bi bakinsa da dogon ɗinki layi biyu, a ja zaren a hankali har ya zo daidai ƙugu. A yi amfani da siririyar allura, kuma a shimfiɗa takarda a ƙarƙashinsa don kada haƙoran keke su cinye shi. In an gama sai a yage takardar. Abu biyu ne ba a wasa da su. Na ɗaya, dutsen guga mai zafi yana narkar da shi nan take, sai a rage zafi a ɗora ƙyalle a kai. Na biyu, kada a kusanci murhu da shi, domin zaren roba in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata.

Dalilina na biyu shi ne mai ɗinka wa kanta ita ke da iko da rigarta. Waɗannan riguna da muke gani a hoto an yi su ne don wata ƙasa da wata al'ada. Yawanci shara-shara ne, ba hannu, ba wuya. Mu kuwa muna da sutura da addininmu da iyayenmu suka koya mana. Mai ɗinkin gida za ta sa shafi har ƙasa, ta yi dogon hannu, ta rufe wuya, rigar ta tafi da mayafi ko hijabi ba tare da an yi mata faɗa a ƙofar gida ba. Sa'an nan ga zafin bazara. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi a Gusau yakan kai maki 40 ko ya haura. Rigar kanti takan zo da shafin roba mai riƙe gumi, yarinya ta wuni a gidan biki tana soshe-soshe. Wadda ta ɗinka da kanta za ta zaɓi shafin auduga mai shan iska. Kwaikwayon salo ba laifi ba ne, haka teloli ke yi a ko'ina. Abin da ba shi da kyau shi ne a liƙa sunan wani kamfani a jikin riga a ce tasa ce, wannan ha'inci ne.

Dalili na uku ya shafi tarihinmu. Ƙasar Hausa ƙasar masaƙa da marina da maɗinka ce. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can ana kai su har Timbuktu da ƙetaren Sahara. A shekarar nan ce kuma Isaac Singer ya sami takardar mallakar keken ɗinkinsa a Amurka. Kakanninmu mata a ƙasar Zamfara suna kaɗi da mazari, suna gurza auduga, suna ɗinkin hula, kuma da wannan suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Gusau kanta auduga da gyaɗa ne suka raya ta, musamman bayan hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. An yi gidan gurzar auduga, daga baya aka yi masaƙa wadda ta ɗauki ma'aikata da yawa. A Kaduna ma an buɗe babbar masaƙa a 1957, wasu suka biyo baya. Yawancin waɗannan masaƙu sun durƙushe, yadin Sin da gwanjo suka cika kasuwa. Ɗaliba ba ta da ikon tayar da masaƙa. Amma allura da almakashi suna hannunmu, kuma in muka sake su, mun zama masu saye kawai a ƙasar da a da ita ke tufatar da wasu.

Yanzu sai abin da masu suka ke faɗa. Wasu iyaye suna cewa ɗinki zai ɗauke hankalin yarinya daga karatu. Wannan damuwa ce mai tushe, domin na san yarinyar da ta fara samun kuɗi tana iya raina littafi. Amma maganin abin shi ne tsari: ɗinki ranar Asabar da lokacin hutu, ba a karɓar aikin waje sai an gama jarrabawa. Kuma mu tambayi kanmu gaskiya, awa nawa muke ɓatawa a kan waya kowace rana? Ɗinki ma ai karatu ne. Wadda ta raba inci 28 gida huɗu, ta ƙara rarar ɗinki, ta auna da'irar wuya, ta yi lissafi fiye da wadda ta haddace ka'ida ba ta san amfaninta ba.

Wasu kuma suna cewa keken ɗinki da tsada. Gaskiya ne. Amma keke ba kayan shekara ɗaya ba ne. A gidaje da yawa a nan akwai tsohon Singer ko Butterfly da aka kawo wa uwa a kayan aure, an rufe shi da zane an ɗora kwanuka a kai. Mai da sabon bel kawai yake jira. Keken ƙafa kuma ba ruwansa da ɗaukewar wutar lantarki. Inda babu, mata huɗu ko biyar na iya yin adashi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Uban da ya iya saya wa 'yarsa babbar waya, ina roƙonsa ya auna ya gani, tsakanin wayar da keken wanne zai dawo da kuɗinsa.

Akwai masu cewa za mu hana teloli abinci. Ban yarda da wannan ba. Babbar riga, da aikin wuya, da kayan amarya, da kaftanin maza, duk sai gwani. Mu kanmu wurinsu za mu koya, mu biya kuɗin koyo. Kuma duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san aiki ya fi ƙarfinsu. Suna kwana ba barci, duk da haka wasu yara da kuka suke wayar garin Sallah don ba a gama nasu ba. In ƙananan ɗinkuna suka koma gida, teloli za su sami sararin cika alkawari.

Suka ta ƙarshe ita ce ta fi zafi, kuma daga cikinmu take fitowa. Sai a kalli riga a taɓe baki a ce, "Wannan ai ɗinkin gida ne." Ya 'yan'uwana, wannan ɗabi'a ce da ya kamata mu bari. Ɗinkin farko ba zai yi kyan na goma ba, haka kowace sana'a take. Amma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wadda ta sa rigar da ta ɗinka da kuɗin da gidansu ke iyawa ba ta bin kowa kunya, ba kuma wanda ke bin ubanta bashi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ina roƙon hukumar makaranta ta ba darasin tattalin gida muhimmanci, a gyara kekunan da ke akwai, a kafa ƙungiyar ɗinki da za ta riƙa zama sau ɗaya a mako, maza ma su shiga, tunda manyan telolin garin nan maza ne. Ina roƙon iyayenmu mata su rage yawan ankon da ake ɗora wa juna, a bar kowa ya zo biki da abin da Allah ya hore masa. Mu kuma ɗalibai, kowace ta fara da abin da ke gabanta: ta sa maɓallin da ya cire, ta ɗinke yagar rigar makaranta, ta yi wa ƙanwarta siket da ragowar atamfa. Wadda ta fara a hutun nan, in Allah ya yarda kafin babbar Sallah za ta iya tattara net da hannunta.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya rufa wa iyayenmu asiri, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara. Amin.