Jarumin Yaƙin Boma Da Ba Mu Sa Shi A Status

Duk ranar 15 ga Janairu sai Facebook da WhatsApp su cika da hotunan mazan jiya, kowa da bindiga a kafaɗa. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: ina mai ɗaukar majinyaci?

A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun kwashi dubban samarin Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, zuwa dazukan Boma don su kara da Japan. Runduna ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, wasu bataliyoyin Najeriya kuma suka shiga cikin dakarun Chindit, sunan da barikin soja na Zariya ke ɗauke da shi har yau.

Sai dai ba harsashi ne ya fi kwantar da su ba. Janar William Slim, kwamandan sojojin Ingila a can, ya rubuta cewa a 1943, duk soja ɗaya da aka kwaso da rauni, 120 ne ake kwasowa saboda ciwo: zazzaɓin cizon sauro, atuni da sauransu. Abin da ya juya lamarin shi ne ƙwayar mepacrine da aka tilasta wa kowa sha kullum, da masu jinya da ke bin sojoji a ƙafa, da ƙananan jirage da ke ɗauko masu rauni daga tsakiyar daji. Kwamandan da sojojinsa suka yi sakaci da magani, Slim tuɓe shi yake yi.

To, mu 'yan fadamar Haɗejiya, wannan maƙiyin ai mun san shi. Bayan ambaliyar 2022, wa ya manta yadda ruwa ya kwanta a Auyo da Kirikasamma da Guri, sauro ya samu gida? Amma sai ka ga an raba gidan sauro, an mayar da shi shingen lambu. Masu rabon maganin kariya na yara su zo da damina, a ce maigida ba ya nan.

Wani zai ce mu ba sojoji ba ne, ba a yi mana dole. Haka ne, shi ya sa nauyin ya dawo kanmu. Ɗaura wa ƙannenka gidan sauro yau da dare. In masu magani sun yi sallama, ka shigo da su. Ma'aikaciyar jinyar garinku kuma, ita ma ta cancanci status.