Dajin W Ba Na Gwamnati Kaɗai Ba Ne

Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwar Zangon Kwatano mun ɗauka cewa gandun dajin W da na Pendjari harka ce ta gwamnati da Turawa masu yawon buɗe ido. Jama'a, wannan kuskure ne. Shanun da ake kawo mana daga Karimama a gefen dajin W suke kiwo, motocin albasarmu kuma daga Malanville ta Kandi suke saukowa.

A 1996 aka kafa hukumar CENAGREF don kula da dazuzzukan, har aka riƙa ba ƙungiyoyin ƙauyukan kewaye kashi 30 cikin ɗari na kuɗin farauta. A 2017 gwamnatin Benin ta miƙa Pendjari ga ƙungiyar African Parks, a 2020 ta ƙara mata W. An ƙara masu gadi, amma duk da haka 'yan bindiga suka samu maɓoya. A Afrilun 2025 sun kashe sojoji 54 a yankin W.

Malaman Jami'ar Abomey-Calavi, irin su Farfesa Brice Sinsin, sun shafe shekaru suna nazarin makiyaya da namun dajin arewa. Roƙonmu shi ne binciken ya haɗa da Fulani da dillalan shanu, domin makiyayin da aka toshe wa burtali ba zai kai rahoton baƙuwar fuska ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu ma da namu laifin. Hauren giwa da fatar damisa ba su kai kansu kasuwa. Mu daina saye. Allah ya zaunar da mu lafiya.